Haraji ya bi mazauni, ba fasfo ba

Yawancin ƙasashen duniya suna karɓar harajin kuɗin shiga ne daga wanda yake zaune a cikinsu, ko kuma wanda ya samu kuɗinsa a can. Amurka ta fita daban, domin duk ɗan ƙasarta, ko a ina yake kwana yake tashi, wajibi ne ya bayyana wa hukumar haraji ta IRS abin da ya samu a shekara muddin ya kai wani adadi, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta amince da hakan tun 1924. Eritriya ma tana karɓar kashi 2 cikin ɗari daga 'yan ƙasarta mazauna waje.

Masu kare tsarin suna cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: mai riƙe da fasfo yana da kariyar ofishin jakadanci da 'yancin jefa ƙuri'a. Hujjar tana da nauyi, amma ba ta hau kan wanda haihuwa kawai ta haɗa shi da ƙasar ba. Boris Johnson, tsohon Firaministan Birtaniya, wanda aka haifa a New York a 1964 kuma ya bar Amurka yana yaro, sai da ya biya harajin ribar gidan da ya sayar a Landan, kafin ya ajiye zama ɗan ƙasar a 2016.

Shi dai yana da lauyoyi. Abin tausayi shi ne malamar makaranta a Faransa, wadda aka haifa a Amurka, da za ta buɗe wasiƙar bankinta ta tarar ana neman lambar harajinta ta Amurka, lambar da ba ta taɓa mallaka ba, saboda wata dokar Amurka ta 2010 mai suna FATCA ta tilasta wa bankunan waje kai rahoton asusun Amurkawa. Wasu bankunan, don gudun ɗawainiya, sukan ƙi buɗe wa irinta asusu.

Gaskiya ne akwai rangwame: a 2023 an yafe haraji a kan albashin da aka samu a waje har dala 120,000, kuma ana cire abin da mutum ya biya a ƙasar da yake zaune. Sai dai wannan ne ma ya fallasa raunin tsarin, tun da da yawa daga cikin Amurkawa mazauna waje ko sisi ba a bin su, amma duk shekara sai sun biya akanta ya cike musu takardu, sannan su bayyana asusunsu na waje da zarar jimillarsu ta haura dala 10,000, ko su fuskanci tara mai tsanani.