Kafin ka miƙa kunnen ɗanka, ka tambayi lasisi

Assalamu alaikum jama'ar Zango. Yau maganar kunne da baki zan yi, kuma na san akwai masu jin haushi, to sai dai su yi haƙuri.

Wata kasuwa ta buɗe mana a Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase har Sawaba, kasuwar masu gyaran kunne da masu buɗe bakin yaro. Wani zai kafa kanofi a bakin titi ranar Juma'a ya kunna sipika yana shelar gwajin kunne kyauta, wani a status ɗin WhatsApp yake nasa tallan, wani kuma a TikTok da farar riga da bidiyon yaran mutane. Ra'ayina a kai gajere ne, duk wanda ya ce zai gwada jin ɗanka ko zai gyara masa magana, ka tambaye shi lasisinsa ido da ido tun kafin ka zauna a kujerarsa. Mu da in za mu ba da 'ya aure sai mun binciki yaro har kakan kakansa, amma kunnen jariri sai mu miƙa wa wanda ko sunansa na gaskiya ba mu sani ba, don kawai ya rataya abin awon ƙirji a wuya yana zuba Turanci.

Da farko ma mutane uku ne muke haɗawa mu ce musu dokta. Akwai likitan kunne da hanci da maƙogwaro, shi ne mai rubuta magani da yin tiyata, rajistarsa tana wajen Medical and Dental Council, wato hukumar likitoci. Akwai odiyolojis, masanin gwajin ji, shi ke auna yadda kunne ke ji ya zaɓi na'urar ji ya saita ta. Sai mai gyaran magana, shi ke aiki da yaron da bai yi magana da wuri ba, da mai in'ina, da wanda aka haifa da tsagaggen leɓe ko ganɗa, da mai matsalar murya, har da tsohon da ya samu shanyewar ɓarin jiki magana ta ɗauke masa ko haɗiya ta gagare shi. Wannan na haɗiyar mutane da yawa ba su san aikinsu ba ne, alhali nan ne rai yake, ka ga Hajiya tana ba Baba koko da cokali yana ƙwarewa yana tari ana ce masa daure ka shanye, ashe kokon huhu yake gangarawa, bayan 'yan kwanaki sai zazzaɓi da ciwon haƙarƙari.

Na biyun da na ukun nan doka ɗaya ce ta riƙe su a Ghana. A 2013 majalisa ta yi Act 857, ita ta kafa Allied Health Professions Council, hukumar da ke kula da su tare da masu aikin lab da masu gashin ƙashi da masu gwajin ido da sauransu. Sai ka yi karatun a makarantar da aka amince da ita, ka yi aikin koyo a ƙarƙashin manya, ka ci jarrabawar hukumar, sannan a ba ka lambar PIN, kuma lambar nan ba ta har abada ba ce, kowace shekara ake sabuntawa bayan ka nuna ka ƙaro ilimi. Yin aikin ba rajista laifi ne. Shi kansa wurin da ake ganin marasa lafiya yana da nasa lasisin daga HeFRA, hukumar da ke kula da asibitoci da wuraren ganin marasa lafiya, a ƙarƙashin Act 829 na 2011, na'urorin asibiti kuma FDA, hukumar abinci da magunguna, ke musu rajista. To kun ga dokar tana nan a rubuce, tambayar ce ba ma yi.

Wanda ya taɓa raka yaro wajen gwajin ji a Gee, wato asibitin Komfo Anokye, ko Korle Bu a Ankara (Accra), ya san yadda abin yake. Kafin komai sai an leƙa kunnen da 'yar fitila a ga ko datti ne ya toshe ko akwai ruwa ko fatar dodon kunne ta huje. Sannan a shigar da mutum wani ɗan ɗaki mai ƙofa mai kauri, ana rufewa za ka ji duniya ta yi tsit har bugun zuciyarka kake ji, a sa maka abin kunne, shi mai gwajin yana waje yana kallonka ta gilashi yana sako ƙara siririya da mai kauri, yana ragewa kaɗan kaɗan har inda ka daina ji. In yaro ne ɗan shekara uku wasa ake maida abin, a ba shi 'yan katakai da bokiti, duk sanda ya ji "piii" ya jefa ɗaya. A ƙarshe a ba ka takarda mai zane, jan da'ira na kunnen dama, shuɗin X na hagu. Yanzu dan Allah ka kwatanta wannan da mutumin da ke ƙarƙashin kanofi a gefen Kejetia, trotro na hon, mai wa'azi na ihu a sipika, shi kuma ya tafa hannu a bayan yaro ya ce Mma yaronki kunnensa ya mutu kashi hamsin. Da wane ma'auni ya samo hamsin ɗin?

Kuma gwajin kyautan nan kullum a sayar da na'ura yake ƙarewa. Abin da suke sayarwa galibi ɗan abin ƙara sauti ne kawai, komai ya ɗauka zai ƙara, muryar uwa da ƙarar janareto duk ɗaya. Na'urar ji ta gaskiya da kwamfuta ake saita ta bisa wancan zanen, inda kunne ya raunana a ƙara, inda yake ji a bar shi, a sa iyakar da ƙara ba za ta wuce ba, kuma yaro sai an ɗauki siffar kunnensa da wani abu mai laushi an yi masa nasa matoshin, yana girma ana sakewa. In ka cusa wa yaro mai ragowar ji abin da ba shi da iyaka, ragowar ma kana iya ƙone ta. Ko a Amurka da suka yarda tun 2022 a sayi wasu na'urorin ji a kanti ba takardar likita, sun ce sai ɗan shekara 18 zuwa sama mai ƙaramar matsala ko matsakaiciya, yara ba sa ciki.

Ban ga laifin uwar da ta saya ba wallahi. NHIS ba ya biyan na'urar ji, tana cikin abubuwan da aka cire, ta gaskiyar kuma kuɗinta ya fi ƙarfin mai sayar da waakye. Amma kuɗin da aka yi asara ana iya maidawa, abin da ya fi ci min rai shi ne lokaci. Ƙwaƙwalwar yaro a shekarun farko take kama harshe, shi ya sa ƙa'idar da masana ke bi ita ce a gwada jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Gwajin jaririn ma 'yan mintoci ne, yana barci a cinyar uwarsa ake sa masa ɗan abu a kunne an gama. Mu kuma yaro zai yi sanƙarau ko ƙyanda ko hangum, ko ya yi shawara mai tsanani yana jariri, ko a yi ta masa allurar jentamaisin a kemis ba lissafi, ya warke ya daina juyowa in an kira shi, sai mu ce miskili ne.

Akwai wata baiwar Allah a layinmu, ɗanta ya shekara biyu ba ko "Mma". Ta faɗa wa surukarta, surukar ta ce haba 'yata kwantar da hankalinki, kawunsa ma sai da ya shekara biyar. Aka kira wanzami ya yanke linzami, jini ya zuba, magana ba ta zo ba. Daga nan ta haɗu da wani a Facebook da ya ce ƙwararre ne ya yi mata alkawarin wata uku yaro zai yi magana, tana tura masa momo duk wata shi kuma yana sa yaron busa balan-balan da lasar zuma a cokali, bai taɓa ce mata je ki a gwada kunnensa ba, wanda kuwa shi ne abu na farko da duk wanda ya yi karatun zai faɗa. Sai da yaron ya isa shiga makaranta aka gano ba ya ji sosai a kunne biyu. Mutumin ya canza lamba. Ina za ta kai ƙara, wa ya san shi? Da mai PIN ne akwai hukumar da za ta kira shi ta tuhume shi, ta dakatar da shi ko ta goge sunansa, kuma sanin haka kaɗai yana sa mutum ya taka a hankali. Ita talaka ba ta da lauya ba ta da ɗan'uwa a ma'aikata, wannan lambar ita ce kaɗai igiyar da za ta iya kamawa.

Kar wani ya ce na zagi malamai. A yi addu'a, a sha rubutu, ni ma ina yi. Amma malamin kirki zai tofa ya ce ku wuce asibiti, ba zai ce ku dawo bayan kwana arba'in da rago ba.

Na san abin da za ku ce, to ina masu lasisin suke? Gaskiya ne ba su da yawa, kuma mafi yawansu suna Ankara da nan Kumasi, wanda ke Bawku ko Wa sai ya yi tafiya. Sana'ar sabuwa ce a ƙasar nan, Jami'ar Ghana sai a 2016 ta fara digiri na biyu na gyaran magana, akwai kuma jami'ar lafiya ta Ho da ke koyarwa, da cibiyar ji da magana a Winneba. Layi yana da tsawo, ranar da za a ba ka tana iya yin nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a rahotonta na 2021 ta ce mutane sama da biliyan 1.5 ne ke da raunin ji a duniya, miliyan 430 a cikinsu na buƙatar taimako, ma'aikatan kuma sun yi kaɗan musamman a Afirka. Amma ƙarancin nan hujja ce ta a horar da ƙarin mutane, a ɗauke su aiki in sun gama, a koya wa nas-nas na wajen awo su riƙa tambayar uwa ko yaro yana firgita da ƙara ko yana gwaranci su tura shi da wuri. Bai zama hujjar duk wanda ya kalli YouTube ya buɗe shago ba. Kuma 'yan Zango masu neman kwas, kowa nas kowa lauya, ga hanya nan a buɗe ba kowa.

To ku ma masu lasisin ban bar ku ba. Takarda tana nuna ka yi karatu ne, halinka kuma sai an zauna da kai. In kai ne mai gwaji kai ne kuma mai sayar da na'ura, ka faɗa wa mutane gaskiya cewa kana da riba a ciki, ka ba su zanen gwajinsu su je wani wuri su kwatanta farashi in sun so, takardarsu ce. Kar ka yi alkawarin warkewa, babu wanda ya isa ya ce in'ina za ta tafi a wata kaza. Abin da ba fanninka ba ka tura gaba, kunne na zubar da mugunya aikin likita ne. Sai bidiyo, wannan kam yana ƙona min rai, a ɗauki yaro mai otizim, wato lalurar da ke shafar magana da cuɗanya da mutane, yana kuka yana buga kai a sa a intanet da kiɗa a ƙasa don a samu kwastoma, wai ai uwar ta yarda. Matar da ke neman taimakonka ido rufe, wadda aka miƙa wa takardar Turanci ta dangwala yatsa, wace irin yarda ce wannan? Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012, kuma yaron nan zai girma ya nemi aure a unguwar da kowa ya ga bidiyon.

Sai maganar yare, wadda ta fi shafarmu. Yaron Zango yana tashi da Hausa a gida, Tonanci a layi, Turanci a sukul, Larabci a makaranta, wani ma ga Mosanci ko Dagbanci wajen kaka. A zaunar da shi a yi masa gwajin da aka tsara don yaran Ingila, a nuna masa hoton abin da bai taɓa gani ba, ya yi shiru don kunya, a rubuta yana da matsala. Mafi muni a ce wa uwa ta daina yi masa Hausa wai yaruka ne suka rikita shi. Bincike bai nuna jin yare biyu ko uku yana jawo jinkirin magana ba, kuma uwar da aka hana yarenta sai ta koma shiru da ɗanta, an ƙara masa ciwo ke nan. In ba ka jin Hausa ka nemi tafinta babba mai hankali, kar ka sa yayar yaron 'yar shekara goma ta fassara wa uwarta cewa ƙaninta kurma ne. In kuma na'ura ba za ta wadatar ba a faɗa wa iyaye da wuri cewa maganar hannu cikakken yare ne, ga makarantar kurame a Jamasi nan kusa da mu, ga ta Mampong Akuapem da ta samo asali daga aikin da Andrew Foster, baƙar fatan Amurka wanda shi ma kurma ne, ya fara a 1957. Riƙe yaro shekara da shekaru ana karɓar kuɗin zama alhali ka san ba ci gaba, cin amana ne ko da lasisi goma gare ka.

Baƙin da ke zuwa daga Turai da Amurka su raba na'urori kyauta su ɗau hoto su hau jirgi, mun gode, amma su ma doka ta ce su yi rajista kafin su taɓa mutum, kuma wa zai saita na'urar bayan wata shida, ina za a samu batir? Gidaje nawa ne abin yake kwance a cikin kwalla.

Limamai da sarakunan Zango da 'yan asambuli, ku ke ba da filin masallaci da harabar makaranta a kafa kanofin nan, ku ke yin sanarwa bayan sallah, mutane kuma saboda ku suke fitowa. Kafin ku ba da fili ku karɓi cikakken sunan wanda zai yi gwajin da lambar PIN ɗinsa ta bana, ku sa wani yaro mai waya ya tuntuɓi hukumar ya tabbatar, ku tambaye su wane asibiti za su tura wanda aka samu da matsala, kuma in an sayar da na'ura a ba da rasit da adireshin da za a same su in ta lalace. Wanda ya ce ya manta katin a gida, ku ce masa ba komai Alhaji, Juma'a mai zuwa ma rana ce, ya je ya ɗauko.