Mai alƙalami ne ke fara isa ƙololuwar tsauni

Ranar 3 ga Yunin 1950 wasu Faransawa biyu, Maurice Herzog da Louis Lachenal, suka taka ƙololuwar tsaunin Annapurna da ke Nepal, mai tsayin mita 8,091. Duniya tana da tsaunuka 14 da suka haura mita 8,000, kuma kafin wannan rana babu wanda ya taɓa kaiwa ƙarshen ko ɗaya daga cikinsu. Sun sauko da ransu, amma sanyi ya riga ya kashe musu gaɓɓai. Likitan ayarin yana tafe yana yanke yatsun da suka ruɓe, 'yan ƙabilar Sherpa da sauran 'yan dako kuwa suna ɗauke da su a baya da kan makara har aka fita daga duwatsu.

Herzog yana kwance a asibiti kusa da Paris ya riƙa faɗa ana rubutawa, littafin ya fito a 1951, aka sayar da miliyoyin kwafe. Daga nan tauraruwarsa ta haska: ya riƙe ma'aikatar matasa da wasanni a zamanin shugaban Faransa de Gaulle, ya kuma zama magajin garin Chamonix. Abin da mai karatu bai sani ba a lokacin shi ne, tun kafin ayari ya tashi an sa kowa ya rattaba hannu cewa ba zai buga komai game da tafiyar ba sai bayan shekara biyar. Ke nan bakin mutum ɗaya aka bari a buɗe. Lachenal ya rasu a 1955, ya faɗa ramin ƙanƙara, wa'adin bai daɗe da cika ba. Littafin da ya riƙa rubuta abubuwan da suka faru da shi a ciki ya fito a 1956, amma sai da ya bi ta hannun ɗan'uwan Herzog da kuma shugaban kwamitin da ya shirya tafiyar, suka tace abin da suka ga dama. Sai a 1996 aka buga shi da yawancin abin da aka cire. A ciki aka ga mutumin da sana'arsa ita ce yi wa masu hawa jagora, wanda ƙafafunsa su ne jarinsa, bai ga dalilin salwantar da su don tutar Faransa ba. Ya ci gaba da hawa ne saboda ya tabbata idan ya bar Herzog shi kaɗai ba zai dawo da rai ba.

Ra'ayina a nan shi ne, duk littafin hawan tsauni da ya shiga hannunka, ka karanta shi a matsayin shaidar ɓangare guda a gaban alƙali. Can sama babu ɗan jarida, babu 'yan kallo, iska ta yi ƙaranci har tunanin mutum yakan rikice. Mutum biyu ko uku ne suka san abin da ya faru, kuma wanda ya fi kusa da maɗaba'a shi ake ji.

Idan haka ta sami Bafaranshe mai ilimi a hannun ɗan ƙasarsu, to ina ga ɗan dako? A 1954 Italiyawa suka nufi K2, tsauni na biyu a tsayi a duniya. Achille Compagnoni da Lino Lacedelli ne suka kai ƙololuwa ranar 31 ga Yuli, da tukwanen iskar shaƙa da wasu mutum biyu suka ɗauko musu: wani saurayi, Walter Bonatti, da Amir Mahdi, mutumin Hunza a Pakistan. Da waɗannan biyu suka iso da kayan, sai suka tarar an kafa tanti a wani wuri dabam da wanda aka yi alkawari. Dare ya yi musu a fili, a tsayin kusan mita 8,100, ba tanti ba bargo. Mahdi ya rasa yatsun ƙafafunsa. Rahoton da madugun ayarin, Ardito Desio, ya fitar ya bi ta kan wannan dare a gurguje, daga baya ma har aka zargi Bonatti da shaƙe wani ɓangare na iskar. Bonatti yana da alƙalami, ya yi ta rubuta littattafai yana kare kansa, sai bayan shekara hamsin ƙungiyar masu hawan tsauni ta Italiya ta yarda cewa maganarsa ce gaskiya. Mahdi ya rasu a 1999, bai ga wannan rana ba, bai kuma bar littafi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Labarin Everest kowa ya ji shi, ko da a gajarce. Edmund Hillary na New Zealand da Tenzing Norgay, ɗan ƙabilar Sherpa, sun kai ƙololuwa ranar 29 ga Mayun 1953, albishir ya isa Landan ya yi daidai da bikin naɗin Sarauniya Elizabeth. Sama da 'yan dako 300 ne suka ɗauki kayan ayarin daga Kathmandu. Aka ba Hillary da madugu John Hunt sarautar Sir, Tenzing kuma aka ba shi lambar yabo, alhali shi ne wanda ya fi kowa sanin tsaunin a cikinsu, domin wannan ne zuwansa na bakwai, kuma shekara guda kafin nan ya kai kusan mita 8,600 tare da mutanen Suwizalan. A babin da Hillary ya rubuta cikin littafin ayarin, ya kwatanta yadda Tenzing ya haye wani tsagin dutse na ƙarshe da ƙaton kifin da aka jawo daga teku. Wannan magana ta ƙona wa Tenzing rai. Yana jin harsuna da yawa amma bai iya karatu da rubutu ba, don haka sai da ya zauna da wani marubuci Ba'amurke, James Ramsey Ullman, kafin amsarsa ta fito a 1955. Ya ce babu wanda ya jawo shi, taimakon juna suka yi. A wannan littafin ne kuma ya faɗa da bakinsa cewa Hillary ne ya fara taka ƙololuwa, a daidai lokacin da 'yan siyasar Indiya da Nepal ke son ya ce shi ne. Wanda ya faɗi abin da ba ya ƙara masa girma, ni kam na fi saurin gaskata sauran maganarsa.

Dubi kuma yadda ake ƙirga matattu. A 1922 dusar ƙanƙara ta rufta wa 'yan dako bakwai a Everest. A 1924 Turawan Ingila biyu, George Mallory da Andrew Irvine, suka ɓace kusa da ƙololuwa. Littattafan da aka rubuta kan waɗannan biyu sun cika kanta, har ayari aka tura musamman, ya gano gawar Mallory a 1999. Su bakwai ɗin can, a yawancin littattafai, adadi ne kawai a cikin jimla guda.

Wani zai ce ai Turawa ne suka kawo kuɗi da tunanin hawan tun farko, mutanen yankin aiki suka zo nema, kuma da ba don waɗannan littattafai ba da ko sunan Mahdi ba mu ji ba. Akwai gaskiya a ciki. Ban ce a zubar da su ba, wasunsu ma idan ka fara ba ka iya ajiyewa. Hillary kansa ya ƙare rayuwarsa yana gina wa Sherpa makarantu da asibitoci, ya fara da makarantar Khumjung a 1961. Amma kyautatawa ba ta maye gurbin jin ta bakin mutum. Mu nan mun san darajar hakan. Bajamushe Heinrich Barth ya zagaya ƙasashenmu ya rubuta manyan kundaye biyar, amma da wani mai mishan, J. F. Schön, bai zaunar da Dorugu, yaron Barth, ya rubuta labarinsa da Hausa ba, da ba mu san yadda wannan tafiya ta kasance a idon mai hidima ba, balle yadda ya ga Landan.

Al'amura sun fara sauyawa. Ranar 16 ga Janairun 2021 'yan Nepal goma suka zama na farko da suka hau K2 a tsakiyar hunturu, suka jira juna dab da ƙololuwa, suka ƙarasa tare suna rera taken ƙasarsu, kuma su da kansu suka ba duniya labari ta wayoyinsu. Kami Rita Sherpa ya hau Everest sau 31 zuwa 2025, babu mai iya ɓoye sunansa. Sai dai waɗannan manyan sana'ar ne. A ƙarƙashinsu akwai dubban masu ɗaukar kaya da girki da kafa igiya, irin 'yan Nepal 16 da ƙanƙara ta kashe a Khumbu, kan hanyar hawa Everest, ranar 18 ga Afrilun 2014 suna kai kayan baƙi zango na gaba. A watan Yulin 2023 wani ɗan dako ɗan Pakistan, Muhammad Hassan, ya faɗi a wani ƙunƙuntaccen wuri kusa da ƙololuwar K2, ya cika a nan. Hoton bidiyo da jirgi marar matuƙi ya ɗauka ya nuna masu hawa suna tsallake shi suna wucewa. Waɗanda ke wurin sun ce an yi ƙoƙarin cetonsa, wurin ne ba ya ba da dama, wasu kuma sun ce da baƙo ne mai biyan kuɗi da an dakatar da hawan ranar. Hukumomin yankin Gilgit-Baltistan sun yi bincike, suka gano cewa an tura shi wannan tsayi ba tare da isassun kayan sanyi da ƙwarewar da ake buƙata ba.