Famfon unguwarmu da kuɗin ƙaramar hukuma

Famfon tuƙa-tuƙa na bakin masallacin unguwarmu ya lalace tun kafin azumin da ya wuce. Abin da ya same shi bai taka kara ya karya ba, roba ce ta cinye, sai sanda ɗaya da ta tsinke a can ƙasa. Mai gyaran da muka kira ya leƙa ya ce aikin yini ɗaya ne. Wata huɗu muka yi muna sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa, yara kuma suna sammako da bokitai har bayan firamare kafin su tafi aji. Da muka ga ba sarki sai Allah, sai muka yi karo-karo gida-gida. Har wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli sai da ta kwance bakin zaninta ta ba da nata. A jikin simintin famfon nan har yau akwai rubutun fenti mai cewa ƙaramar hukuma ce ta samar da shi.

Da wannan famfo nake auna duk maganar da ake yi ta 'yancin ƙananan hukumomi.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta. Kotu ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. A daren nan teburin mai shayi ya cika, kowa da rediyonsa ko wayarsa, ana ta murna kamar an ce gobe za a zuba mana kwalta. Ni ma ina cikin masu murnar, ba zan ɓoye ba. Wani dattijo da ya yi aiki tun zamanin En'e yana gefe yana kaɗa shayinsa bai ce uffan ba. Na ce, "Baba, kai ba ka ji daɗi ba ne?" Ya ce, "Yaro, wa zai zaɓo wanda za a tura wa kuɗin?"

Ba a rufa wata huɗu ba muka ga amsar tambayarsa. Gwamnoni suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe, tunda kotu ta ce wanda ba zaɓaɓɓe ba ba shi da kaso. A watan Oktoban 2024 NNPP ta lashe kujerun ciyaman 44 na Kano, APC ta kwashe 23 na Kaduna da 27 na Jigawa. Kada ɗan wata jam'iyya ya zo nan yana yi wa wani dariya, duk kanwar ja ce. Hukumar zaɓen jiha gwamna ne ke naɗa ta, shi ke ba ta kuɗin aiki, ɗan takara kuma sai wanda aka ɗauko aka ɗora. A akwatinmu na je da katina wajen ƙarfe goma, na tarar da yara suna buga ƙwallo a filin makarantar. Da la'asar muka ji sakamako a rediyo. Mutumin da ya hau kujera ta wannan hanya ya san ƙofar da ya shigo, kuma ko ta wace hanya kuɗi suka iso hannunsa, ya san inda zai kai gaisuwa.

Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. A tsarin rabon arzikin ƙasa, ƙananan hukumomi ke da kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin da ake rabawa duk wata ya ƙaru sosai. Mu muka sha tsadar mota da ta masara, don haka ƙarin nan daga aljihunmu ya fito. Sai dai sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma a nan ake yanka ana rabawa. Wani abokina da ya taɓa yin kansila ya ba ni labarin yadda abin yake a lokacinsu. A cire albashin malaman firamare, a cire na fansho, a cire kason masarauta, a cire na wasu ayyukan da aka ce na haɗin gwiwa ne waɗanda ba a shawarci kowa a kansu ba, sannan a miƙo wa ciyaman abin da ya rage, ya sa hannu a kan duka. An sha ƙoƙarin toshe wannan kafa. A 2019 hukumar NFIU mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta hana cire tsabar kuɗi sama da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka garzaya kotu. Hukuncin 2024 ɗin ma har aka shiga 2025 ana ta jan ƙafa a kansa.

Duk wannan gaskiya ne, kuma gwamnoni sun cancanci duk abin da ake faɗa a kansu. Amma yau da mu nake, mutanen gari, domin zagin gwamna ba ya buƙatar ƙarfin hali. Yana can babban birni, bai san ka ba, ba za ku haɗu a jana'iza ba.

Mu nawa ne muka san aikin ƙaramar hukuma? Yana nan a rubuce a jadawali na huɗu na tsarin mulki. Kasuwa da tasha nata ne, haka kwata da maƙabarta da bayan gida na jama'a, kwashe shara, gyaran hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan tana da hannu a firamare da asibitin sha-ka-tafi da aikin gona. A cikin wannan duka, wanda ba ya fashi a garinmu guda ɗaya ne, wato yankar rasit ranar kasuwa. Matar da ta kasa tumatir kashi biyar a kan buhu sai ta biya. Mai kura sai ya biya, mai akuya ɗaya sai ya biya. Kasuwar nan kuwa ba ta da bayan gida ko ɗaya, mata sai su roƙi gidajen maƙwabta. Kwata kuma idan damina ta sauka ba ka iya wucewa ta gabanta sai ka toshe hanci. Ban taɓa jin wanda ya karɓi rasit ɗin ya tambayi inda kuɗin ke zuwa ba. Ni ma ban taɓa ba.

Dattijon nan na teburin shayi yana da wata magana da na daɗe ina juyawa. Ba ya yabon zamanin En'e, don ya ga an shanya magidanci a rana saboda haraji, ya ga Bafulatani ya kwana a daji yana ɓoye shanu saboda jangali. Da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su a 1979, ya ce har rawa talakawa suka yi, kuma sun yi gaskiya. Amma ya ce a wancan lokacin duk wanda ya ga rijiyar murtsatse ko ɗakin shan magani ya san da guminsa aka yi, domin dagaci ya zo har ƙofar gida ya karɓa. Duba-gari kuma yana shiga gida-gida yana leƙa randa. Bayan gyaran 1976 da ya kafa ƙananan hukumomi 301, aka koma jiran kaso daga sama, sai abin ya zama "kuɗin gwamnati", dukiyar da ba ta da mai ita. Ba ina kiran a dawo da haraji ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da ya ɓace mana shi ne jin cewa kuɗin namu ne, sai muka koma roƙon abin da ya kamata mu tambaya.

Ka je ƙofar gidan ciyaman da safe, idan ya kwana a gari ke nan, don yawancinsu sun tare a birni. Tun bayan asuba an shimfiɗa tabarmi. Wannan matarsa ta haihu, ga suna ya matso. Wancan takardar asibiti ce a hannunsa, ya naɗe ta har ta yi laushi. Ga mai neman kuɗin makarantar yaro, ga wanda iska ta yaye masa rufi, ga 'yan jagaliya a gefe suna jiran na shayi. Ya fito, a miƙe, "Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin mai girma." Yaronsa na biye da jaka. Kafin ya shiga mota an sallami mutum ashirin da dubu biyu-biyu, dubu biyar-biyar. A cikinsu babu wanda ya zo da maganar famfo ko kwalbati. Kowa ta kansa ya zo, kuma ba na ganin laifin mai jin yunwa. Shi kuwa ciyaman ya gane cewa wannan jaka ta fi masa arha a kan gina magudanar ruwa, kuma ta fi saurin jawo addu'a.

Na san tabarmar nan domin na zauna a kanta. Shekarun baya, a zamanin wani ciyaman da ya riga ya sauka, haihuwa ta zo wa maiɗakina da gardama, aka ce sai an yi aiki. Asibitin garinmu ba likita, sai muka ɗauki shatar mota zuwa birni. Abin da ke hannuna ya ƙare, na sayar da tunkiya bai isa ba. Wani ya ce in je in ga mai girma. Na je, na durƙusa, na yi bayani, ya sa aka ba ni ambulan. Na gode masa, har yanzu kuma ina gode masa, domin ranar ya fitar da ni kunya. Bayan wata biyu aka kira taron gari a firamare, ya zo da tawagarsa. Na shirya tsaf zan yi maganar kwalbatin hanyar kasuwa da ruwa ya cinye, har na rubuta abin da zan faɗa a bayan takardar magani. Da aka ce akwai mai magana, na ɗaga kai muka haɗa ido, ya yi mini murmushi ya ce, "Malam, ya mai jiki?" Na ce, "Da sauƙi, ranka ya daɗe." Na mayar da takardata aljihu. Sai da na koma gida na tuna cewa da asibitinmu na da likita da wuta, da ban je ƙofarsa ba tun farko. Kwalbatin nan har yau yana nan yadda yake, sai ma abin da ya ƙaru.

Ƙungiyar ci gaban garinmu kuma, wadda ya kamata ta zama bakinmu, manyanta suna Abuja da Kano da Kaduna. Sau ɗaya ake ganinsu, washegarin sallah. A kafa rumfa, a ci shinkafa, a miƙa wa ciyaman lambar yabo, a ɗauki hoto, kowa ya kama hanya kafin magariba. Samarinmu masu waya, da yawansu sun zama sojojin baka. A shafa wa tsohon aji fenti, su ɗora hoton a Facebook su rubuta "aiki ga mai yin sa". Ka yi tambaya, a ce ɗan adawa ne, ko an ba ka kwangila. Na san a ƙarƙashin wannan rubutun ma za a faɗa. Ku huta, ban riƙe katin kowace jam'iyya ba, kuma ba na neman kansila.

Abin da nake nema ƙarami ne. A liƙa takarda a bangon sakatariya duk wata, da Hausa, a rubuta abin da ya shigo daga Abuja, abin da aka cire a jiha, abin da aka tara a kasuwa da tasha, da abin da aka yi da shi. Kason kowace ƙaramar hukuma ba sirri ba ne, ofishin Akanta Janar na ƙasa yana fitar da shi, mai waya zai iya dubawa. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai tun 2011. Idan ciyaman ya ce an yanke masa a sama, to ya faɗa a bainar jama'a, mu san wanda za mu tunkara, shi ma ya sami masu tsaya masa. Sannan kowane kansila ya zauna da mutanen mazaɓarsa duk wata uku, a gayyato mata, domin su da 'ya'yansu ke ɗaukar jarka, su ke kwana a asibitin da ba fitila. Wanda ke da buƙatar kansa ya bi ta gida kamar yadda aka saba. A wajen taro kuwa maganar gari kaɗai za a yi.

Mun gwada farawa. Bayan gyaran famfo muka rubuta wasiƙa mai layi bakwai, muna neman a faɗa mana abin da aka ware wa ruwan sha a mazaɓarmu bana, da kuma ranar da za a duba kwalbatin kasuwa. A masallaci mutum talatin da wani abu suka ce a kawo su sa hannu. Da takarda ta fito, wannan ya ce ƙaninsa na neman aikin wucin gadi a sakatariya, wancan ya ce surukinsa ne mai ba ciyaman shawara, wani ya ce bari ya yi tunani. Mu tara muka sa hannu, har da tsohuwar nan mai ƙuli-ƙuli da ta dangwala yatsa. Ranar Talata muka kai, ƙarfe sha ɗaya na safe. Ofisoshi a kulle, awaki na kwance a baranda, sai masinja shi kaɗai a kan benci yana jin rediyo. Ya karɓe mu da mutunci, ya ce mai karɓar wasiƙa ba ya nan, mu dawo ƙarshen wata idan albashi ya shigo, lokacin kowa na zuwa.

Ƙarshen wata za mu koma, in Allah ya kai mu. Wasiƙar tana wajena, akwai sauran fili a ƙasan sunaye, kuma ina shago kullum daga bayan la'asar.