Ba basira kaɗai ce ta tayar da masana'antun Ingila ba

Idan ana koyar da tarihin juyin juya halin masana'antu, yawanci jerin sunaye ake ba ɗalibi ya haddace: James Watt da injin tururi, Richard Arkwright da injin kaɗi, George Stephenson da jirgin ƙasa. Wannan salo yana sa a ɗauka cewa wasu haziƙai ne suka kwana suka tashi da dabara, sai Ingila ta wayi gari cike da masana'antu. A ganina, matsi ne ya haifi kowane ɗaya daga cikin injunan nan, kuma da doka ba ta yi musu shinge ba, da wuya su kai labari.

A harkar auduga lamarin ya fi fitowa fili. A ƙarshen ƙarni na 17, yadin Indiya da kamfanin East India ke shigowa da shi ya mamaye kasuwannin Ingila, domin ya fi ulu araha, ya fi daɗin wanki, rininsa kuma ba ya zuba. Masu saƙar ulu da siliki suka kai kuka, majalisa ta hana shigo da rinannen yadin a 1700, sannan a 1721 ta haramta sayar da yawancin irinsa, har ma da sanya shi. Ɗanyar auduga kuwa ba a taɓa ta ba, saboda haka masaƙan yankin Lancashire suka yi shekaru suna koyon sarrafa ta, suna gauraya ta da lilin, ba tare da yadin Indiya ya hana su sakat ba. Sai a 1774, bayan zaren inji ya yi ƙarfin da ake buƙata, aka sassauta dokar domin yadin da aka saƙa a gida.

Su kansu injunan, ɗaya ne ya jawo ɗaya. A 1733 John Kay ya ƙera ƙoshiyar da ake fizga da igiya, saƙa ta yi sauri, zare ya yi ƙaranci, tunda dama mata da dama ne ke kaɗi kafin su wadatar da masaƙi guda. Wannan ƙarancin ne ya sa James Hargreaves, wajen 1764, ya haɗa na'urar da ke juya mazari 8 a lokaci ɗaya. Arkwright, wanda asalinsa mai aski ne, ya karɓi takardar mallakar fasahar injinsa a 1769, ya buɗe masana'anta a Cromford a 1771, kuma ruwan rafi ne ke juya ta, ba tururi ba. A 1785 kotu ta soke takardarsa ta biyu, wadda ya karɓa a 1775, bayan shaidu sun nuna cewa dabarar ba tasa ce duka ba, amma ya rasu yana cikin manyan attajiran ƙasar. Samuel Crompton kuwa, wanda injinsa na 1779 ya fi na kowa fitar da zare siriri, bai mallaki fasaharsa a takarda ba, kuma duk da fam 5,000 da majalisa ta ba shi a 1812, cikin talauci ya rasu. Abin da Arkwright ya fi shi ba kaifin tunani ba ne. Jari ne, da iya tara ɗaruruwan ma'aikata, har da yara, su yi aiki dare da rana bisa agogo.

Injin tururi ma a bakin ramin kwal aka haife shi. Wanda Thomas Newcomen ya kafa a 1712 aikinsa kwashe ruwa daga ramuka ne, kuma yana cin kwal fiye da kima, don haka ya fi riba a inda kwal ke yashe kamar banza. Gyaran da Watt ya yi masa a 1769 ya rage ɓarnar ƙwarai, sai dai bai kankama ba sai da Matthew Boulton ya zuba kuɗinsa, majalisa ta tsawaita wa Watt mallakar fasahar zuwa 1800, sannan John Wilkinson ya huda masa silinda daidai wa daida da dabarar da ya ƙirƙiro domin huda bakin igwa.

Za a iya cewa duk da haka sai da aka samu masu basira, kuma gaskiya ne. To amma basirar saƙa ba ta yi wa Indiya ƙaranci ba, haka ma Kano, inda matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya tarar a 1851 ana kai kayan masaƙanta da marinanta har Timbuktu da Tarabulus. Abin da Ingila ta haɗa shi ne kwal mai araha, da ƙwadago mai tsadar da ta sa sayen inji ya zama riba, da jiragen ruwa masu kai haja ko'ina, da auduga wadda bayi ke nomawa. Bayan Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga a 1793, gonakin jihohin kudancin ƙasar Amurka suka zama babban rumbun Lancashire, kuma zuwa 1860 bayin ƙasar sun kusan miliyan 4. A cikin gida, masaƙan da suka fara farfasa injuna a 1811 sun gamu da dokar kisa a shekara ta gaba, kuma sai a 1833 aka yi doka mai sufetoci da ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba aiki a masaƙun auduga.

Hukumomin Ingila sun san darajar abin da suke riƙe da shi, shi ya sa suka hana ƙwararrun ma'aikata yin ƙaura har zuwa 1824, suka kuma taƙaita fitar da injuna har zuwa 1843. Samuel Slater, wani ma'aikacin masaƙa a Ingila, sai da ya haddace tsarin injin Arkwright ya sulale zuwa Amurka a 1789 kafin a kafa irinsa a can. Wa'azin buɗe kasuwa ga kowa bai zama manufar Ingila ba sai a shekarun 1840, lokacin da babu sauran ƙasar da masaƙunta za su iya ja da na Manchester.