Nasiha ga ƙannena masu hanzarin tsayawa a gaban ikilisiya

Ranar Lahadin da ta wuce na yi sujada a wata majami'a da ba tawa ba, saboda miƙa jaririn wani ɗan'uwa ga Ubangiji, kuma abin da na gani a can ne ya hana ni yin shiru. An ba wani saurayi mai zaƙin murya ya bi da jama'a cikin waƙoƙin yabo, sai ya ɗauko waƙar farko can sama inda babu mai iya kamo shi, ya kuma jera waƙoƙin Turanci ɗaya bayan ɗaya, alhali yawancin waɗanda ke wurin da Hausa suke addu'a. Iyayenmu na Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikilisiya, suna tsaye cikin zanensu iri ɗaya, baki a rufe, suna ɗan tafi don kada a ce ba su yi ba. Wata tsohuwa da ke gabana ta buɗe Littafin Waƙoƙinta tana jiran a kira lamba, da ta gaji sai ta rufe shi, ta mayar cikin jaka, ta zauna. Mai bi da sujada ya yi ta ɗaga wa saurayin hannu cewa lokaci ya ƙure, amma idonsa a rufe yake, har sai da Fasto ya datse wa'azinsa. Bayan an tashi aka gaya mini cewa yana cikin samarin da ikilisiyar ta sa a hannun shugaban mawaƙa domin su yi shekara guda suna koyon aikin, amma ya daina zuwa koyo tun da wuri, wai Baba ya tsufa, salonsa na da ne, kuma wai shafewar Ruhu, wato baiwar da Ruhu Mai Tsarki yake bayarwa, ba a koyonta a wurin mutum.

Ƙannena, wannan hali na ƙin zama a koya muku shi ne yake ci mini tuwo a ƙwarya. Ba na ƙin jita, ba na ƙin sabuwar waƙa, kuma ina murna ƙwarai idan na ga matashi ya zaɓi gidan Ubangiji a lokacin da tsaransa suke can suna lalata rayuwarsu da ƙwaya. Amma da zarar an yaba wa ɗayanku sau ɗaya bayan sujada, sai ya ga wuyansa ya isa yanka, ya fara kallon duk mai furfura a cikin ƙungiyar mawaƙa a matsayin wanda ya tare masa hanya. A ce masa ya tsaya a layin baya, ya ɓata rai. A ce masa ya zo da wuri ya naɗe wayoyi ya jera kujeru, ya ce shi ba don haka aka kira shi ba. Hausawa dai sun ce girman kai rawanin tsiya, kuma gwano ba ya jin warin jikinsa.

Tun da kuna son kafa hujja da Ruhu, to, mu buɗe Littafi Mai Tsarki. A 1 Tarihi sura 25, Dauda ya keɓe 'ya'yan Asaf da na Heman da na Yedutun domin waƙa a Haikali, aka ƙidaya waɗanda aka koyar har suka gwanance su 288, suna aiki a ƙarƙashin iyayensu, kuma da aka zo rabon aiki an jefa ƙuri'a a kan babba da ƙarami, malami da ɗalibi. Ashe tun a wancan zamani akwai malami akwai ɗalibi a cikin mawaƙan Allah. A sura 15 an sa Kenaniya ya shugabanci waƙa saboda ya san aikin. Elisha, wanda ya roƙi rabo biyu na ruhun Iliya, da aka tashi gabatar da shi a gaban sarakuna, abin da aka tuna shi ne cewa shi ne mai zuba wa Iliya ruwa a hannu. Joshuwa ya yi wa Musa barantaka shekara da shekaru kafin a danƙa masa jama'a. Bulus kuma ya gargaɗi Timoti kada a ba sabon tuba shugabanci don kada ya kumbura. Wane ne a cikinku ya fi waɗannan mutane shafewa, da har zai ce zaman shekara guda a hannun dattijo ya yi masa yawa?

Abin da ba ku gane ba shi ne, murya ita ce mafi ƙanƙanta a cikin wannan aiki. Wanda ya zauna a hannun tsohon shugaban mawaƙa yakan koyi yadda ake ɗauko waƙa daidai inda tsoho da yaro da mai goyo za su iya bi, domin ikilisiya ce take yin waƙar, shi ja-gora ne kawai. Yakan koyi zuwa wurin Fasto tun tsakiyar mako ya tambayi nassin da za a yi wa'azi a kansa, don waƙa da wa'azi su fuskanci wuri ɗaya. Yakan koyi cewa waƙar jana'iza dabam take da ta ɗaurin aure, ta Jibin Ubangiji kuma dabam da ta karɓar baiko, ya kuma iya auna kalmomin sabuwar waƙa da Maganar Allah kafin ya sa su a bakin mutane. Mafi wuya duka, yakan koyi lokacin da ya kamata ya yi shiru. Mu da muka zauna a gaban irin waɗannan dattawa mun ga yadda malami yake rubuta do, re, mi da alli a kan allo, ya raba mu murya huɗu, yana buga benci da sanda don riƙe mana ƙa'idar kiɗa, ya sa a maimaita layi ɗaya har sai masu babbar murya sun daina danne sauran, fitilar ƙwai tana ci a gefe, sauro yana cin rabonsa. Ba a ba mutum ya ɗauko waƙa shi kaɗai sai an ga zuwansa koyo, an ga zamansa da iyayensa, an kuma ji shaidar unguwarsu a kansa.

Na san amsarku, cewa idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma duk abin da Baba zai koya muku yana nan a intanet. Gaskiya ne YouTube zai nuna maka inda za ka ɗora yatsa a kan jita, amma ba zai taɓa ce maka ka yi kuskure ba, ba zai ja ka gefe ya ce maka yau kanka ka ɗaukaka ba, bai kuma san cewa matar da ke zaune a layi na uku ta binne ɗanta a makon jiya ba. Kuna kwaikwayon mawaƙan Legas da na Amurka har da yadda suke durƙusawa da yadda suke sheƙar kuka, amma ba ku tambayi shekara nawa suka yi a bayan wani kafin a san su ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Kuma tun da magana ta kawo mu nan, bari in faɗi wani abin takaicin. Da an gama waƙa aka ce Fasto ya tashi, sai ka ga makaɗa sun sulale ɗaya bayan ɗaya zuwa gindin bishiya, suna hira suna duba hotunan da aka ɗauke su, sai lokacin baiko su dawo. Wasu ba sa taɓa ganga sai an yi cinikin kuɗin mota, suna yawo daga wannan majami'a zuwa waccan duk inda ambulan ya fi kauri. Ban ce kada ikilisiya ta kula da ma'aikacinta ba, amma wanda ba ya jin wa'azi me zai rera wa jama'a? Duk wannan daga tushe ɗaya ya fito, wato babu wanda yake da iko ya tsawata musu, domin sun ƙi zama a ƙarƙashin kowa.

Ku dubi yadda ake yin fasto a wurinmu. Mutum zai yi shekaru a makarantar tauhidi ta Bukuru, ko ta Kagoro, ko ta Jos, ko ta Kwarhi, a tura shi wata ikilisiya ya yi aikin gwaji a ƙarƙashin babban fasto, sa'an nan a jira a ga halinsa kafin a naɗa shi. Amma mai waƙa, wanda kalmominsa ne suke bin mutane har gona da kasuwa da bakin murhu bayan an manta da kan wa'azi, shi ne yake ganin ba ya bukatar kowa. An kammala Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, a lokacin da masu iya karatu 'yan kaɗan ne, kuma ta bakin Zumuntar Mata da tulunansu na kiɗa, daga baya kuma 'yan Sabon Rai, masu bishara da suke zagaya ƙauyuka, ayoyi da yawa suka shiga zukatan waɗanda ba su taɓa riƙe littafi ba. Waɗannan mutane ba su da lasifika, amma sun san nauyin abin da suke ɗauke da shi.

Dattawa ma suna da nasu laifin, domin akwai masu riƙe matsayi kamar gadon gidansu, akwai kuma fastocin da suke miƙa makirufo ga duk wanda zai tara musu matasa. Ya kamata a gyara, a zauna a yi magana, kowa ya san matsayinsa. Amma ku ne kuke da sauran ƙuruciya, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka ku koma wurin waɗanda kuka raina, ku ce Baba ga mu, tun suna da rai.

Da rai na ce, domin suna ta tafiya. A da, yaro yakan haddace waƙoƙi da lambobinsu tun yana makarantar Lahadi, idan aka ɗauke wuta sujada ba ta tsayawa, wata uwa daga baya za ta ɗauko waƙa ɗakin duka ya amsa da murya huɗu. Yanzu idan janareta ya mutu sai a tsaya cirko-cirko ana kallon mai piyano. A jana'izar wani tsohon shugaban mawaƙa da na halarta kwanakin baya, an nemi wanda zai ɗauko waƙar da marigayin ya fi so a cikin samarin ƙungiyarsa aka rasa, sai da matarsa ta share hawaye ta ɗauko ta da kanta.