Tayil ba gyara ba ne

To, an gama. Kwamitin masallacinmu sun lulluɓe bangon alƙibla da tayil fari fat, irin na banɗakin otal, ana ta yaɗa hotuna a Facebook ana zuba musu Masha Allah. Sannunku da aiki, alhazai. Zanen nan mai shuɗi da kore da ya kewaye mihrabi, da dagin da ke saman ƙofa, waɗanda duk ɗan zangon nan na Kumasi ya tashi yana gani tun yana makarantar allo, yanzu suna ƙarƙashin siminti. Wai gyara.

Binnewa dai aka yi, ba gyara ba.

Ku tambayi mutanen Larabanga, can kusa da Damongo a arewacin Ghana. A shekarun 1970 aka shafe tsohon masallacinsu na ƙasa da siminti, da kyakkyawar niyya, don ya ƙara ƙarfi. Ginin ƙasa kuwa yana shan danshi ne ya fitar. Siminti ya toshe shi, laima ta zauna a ciki, gara ta cinye itatuwan da ke riƙe da bango, guguwa ta zo ta kayar da hasumiya. A 2002 sai da masallacin ya shiga jerin ƙungiyar World Monuments Fund na wuraren tarihi masu neman ceto. Da magina suka zo, me suka fara yi? Ɓamɓare simintin nan kaf, suka koma yaɓen laka kamar yadda aka gada. Namu bangon ma tubalin ƙasa ne a ciki, ga ruwan saman Kumasi da ba ya wasa. Mu haɗu bayan damina biyar.

Wani ya ce mini ai salla ake zuwa yi, ba kallon bango ba. Madalla. To tayil ɗin na mene ne, sharaɗin salla ne? Wani kuma wai zanen tsohon yayi ne. Su ne fa in sun je Akra sai sun tsaya a babban masallacin Kanda da Turkawa suka gina, aka buɗe a 2021, su ɗaga kai suna ɗaukar hoton adon ƙubba. Na Turkiyya fasaha, na kakanninmu datti ke nan.

Wallahi abin ya taɓa ni. Fataken goro ne suka tara kuɗin guminsu suka ɗauko magini ya zana bangon nan da hannunsa. Ko hoto ɗaya ba a ɗauka ba kafin a rufe shi, ko dattijo ɗaya ba a tuntuɓa ba. Fenti in ya koɗe ana sabunta shi, bango in ya tsage ana ɗinke shi. Wannan shi ne gyara.

Af, tunda kuɗi ya samu haka, famfon wurin alwala fa? Tun kafin azumi yake zuba, yara na ta santsi a wurin, kuma lasifikar ladan har yanzu sai an doke ta take magana.