Ku bar Hajiya ta ɗaukaka ƙarar ɗanta

Salamu alaikum 'yan uwa. Abin da na ji da kunnena jiya a wajen suna a unguwar Aboabo nan Kumasi ya hana ni barci wlh, shi yasa zan yi maganar nan ko da wasu za su ji haushina.

Ba zan kama suna ba, wanda ya sani ya sani. Wa da ƙane ne, uwa ɗaya uba ɗaya, baban ya rasu ya bar gida da shago biyu a bakin titi, shekara da shekaru ba a raba ba, babban ke karɓar kuɗin haya, ƙaramin yana ɗaki ɗaya da mata da yara. Ranar da abin ya faru magana ta kai magana, wan ya mare shi a gaban matarsa, shi kuma ya ɗauki taɓaryar fufu da ke jingine ya buga sau ɗaya. Kafin a kai wan asibitin Komfo Anokye da muke kira Gee rai ya yi halinsa. Babbar kotu ta samu ƙanen da kisan ganganci, aka ba shi rai da rai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yanzu tsohuwar, wato Hajiya mahaifiyarsu, ta sayar da ɗan kunnen zinarenta da atamfofin da ta adana ta ɗauki lauya za a yi afil, wato ɗaukaka ƙara, shi ne mata suka sa ta gaba a wajen suna, wai ta zaɓi mai rai ta manta da na ƙasa, wai jinin babban ɗanta bai dame ta ba. Haba jama'a! Matar da ta binne ɗa guda, ɗayan kuma sai ta bi layi a bincike kwanon abincinta kafin ta ga fuskarsa na 'yan mintoci, ita za a koya wa zafin rashin ɗa?

Yawancinmu ba mu ma san me ake nema a afil ɗin ba. Babu wanda ya ce yaron bai yi ba, shi da kansa bai musa ba. Tambayar ita ce wane irin kisa ne. Dokar laifuka ta Ghana, Act 29 ta 1960, ta raba kisan da mutum ya yi da niyyar ɗaukar rai da wanda aka yi babu wannan niyyar, kuma ta ce idan an tsokani mutum tsokana mai tsanani, kamar a fara kai masa duka har hankalinsa ya gushe a take, laifin yana iya saukowa zuwa na biyun. Amma in ya samu lokacin hucewa, ya je ya dawo da makami, to wannan rangwamen ba nasa ba ne. A nan ƙasar shari'ar kisa juri ne mutum bakwai ke yanke ko mutum ya yi laifi ko bai yi ba, mutane ne irina irinka ba lauyoyi ba, alƙali ke warware musu doka kafin su shiga ɗaki su yi shawara. To abin da lauyan Hajiya ke cewa shi ne ba a warware musu maganar marin nan yadda ya kamata ba. Ko yana da gaskiya ko ba shi da ita, alƙalai uku ne za su zauna a Kotun Ɗaukaka Ƙara su karanta duk abin da aka rubuta a shari'ar farko, za su iya tabbatar da hukuncin, za su iya sauko da shi. In ba a gamsu ba akwai Kotun Ƙoli a Accra. Ina cin amanar mamaci a nan?

Kuma mu da ke cewa mu Musulmi ne, a makarantar allo da zauren malam ba a koya mana bambancin kisan ganganci da na kuskure ba? Aya ta 178 a Baƙara da ta zo da ƙisasi, a cikinta aka buɗe ƙofar yafiya da diyya. Sai dai mu gane, a kotun Ghana ƙarar kisa ta gwamnati ce ba ta dangi ba. Ko duk zuri'a ta taru gaban Sarkin Zango da liman aka ce an yafe, fayil ba ya rufuwa. Ƙofa ɗaya ta rage wa matar nan, ita ce wadda ake zaginta don ta ƙwanƙwasa.

Da kafin Yulin 2023 ne ma hukuncin kisa za a yanke masa kai tsaye, sai da majalisa ta amince da kudirin ɗan majalisar mazaɓar Madina da ke Accra, Francis-Xavier Sosu, aka mayar da shi rai da rai. Tun 1993 ba a zartar wa kowa da hukuncin kisa a Ghana ba, amma mutane sun tsufa a gidan yarin Nsawam suna jiransa.

Ban manta da matar mamacin ba fa, kar wani ya juya min magana. Ta yi takaba da ƙananan yara, in ta ce ba ta son ganin ƙanen mijinta har abada haƙƙinta ne, ba wanda zai ce mata don me. Ita tana da dalilin fushi. Amma ku masu surutu a ƙarƙashin kanofi, wa ya taɓa biya wa marayun nan kuɗin makaranta ko na tam ɗaya? Wa ya aika musu ko olonka ɗaya ta shinkafa da azumi?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kowa a layin ya san rigimar gidan nan tun tana ƙarama. Kawunnai sun sani, malamai sun sani. Duk sanda ƙaramin ya kai kuka sai a ce ka yi haƙuri yayanka ne, babba uba ne. An kira malami ya raba gado? A'a, wai abin kunya ne a ce an sayar da gidan Alhaji, me mutane za su ce. Ga shi yanzu shagunan a kulle, ba mai cin hayar, waɗanda suka hana rabon kuma su ne a gaba wajen ganin laifin tsohuwa.

Da na je gaishe ta bayan la'asar na tarar da ita a kan dadduma da ledar takardun kotu a gefe, ba ta iya karanta ko layi ɗaya a ciki. Na ce Mma ya ƙarin haƙuri, ta ce ɗana, dukkansu biyu nono ɗaya suka sha, wanne zan cire? Ban samu abin cewa ba.

Lauyan ya ce sai an gama haɗa kwafin shari'ar farko kafin a sa rana, kuma da sauran kuɗi. Akwai hukumar Legal Aid ta gwamnati da ke ba marasa hali lauya kyauta, ranar Litinin in Allah ya kai mu ni zan raka ta ofishinsu na nan Kumasi mu ji ko za su iya ɗaukar wani abu a ciki. Wanda ke son taimakawa, ko ita ko marayun, ya same ni ta inbos.